Yadda Ake Fita Doguwar Tafiya da Kare Mai Kuzari a Gaɓar Tekun Seven Sisters ta Ingila

Kare mai kuzari ba ya ƙoshi da zagayen minti 15 a bayan gida. Irin su Border Collie da Springer Spaniel da Labrador da Vizsla don aiki aka samar da su, wasu don kora tumaki, wasu don ɗauko abin da maharbi ya harbo, kuma idan aka kulle irin wannan dabba a gidan haya na Landan ba tare da an ba ta inda za ta sauke ƙarfinta ba, to ƙarfin zai fita ta haushi da tauna kujera da tone lambun maƙwabta. Masu kula da lafiyar dabbobi a Birtaniya suna ba da shawarar a ba irin waɗannan karnuka motsa jiki na wajen awa 2 a kowace rana, sannan a riƙa kai su doguwar tafiya lokaci-lokaci.

Hanyar da zan yi bayani a kanta ita ce ta duwatsun alli da ake kira Seven Sisters, a yankin Sussex ta Gabas, tsakanin garin Seaford da garin Eastbourne, tafiyar kimanin kilomita 22 idan mutum zai yi ta duka. Na zaɓe ta ne saboda ta haɗa komai a wuri ɗaya: akwai teku da kogi, akwai makiyayar tumaki da shanu, akwai daji mai inuwa, akwai kuma bakin dutse mai tsawo wanda ba shi da shinge. Wanda ya iya tafiyar da karensa a nan zai iya a kowace gaɓa ta ƙasar. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kuzarin da ya sa karen ya dace da wannan tafiya shi ne kuma abin da zai iya halaka shi a cikinta, don haka tun a gida ake yanke shawarar inda za a sake shi da inda igiya ba za ta bar wuyansa ba.

Mataki na farko: auna karen kafin ka auna hanya

Ka fara duba shekarunsa. Ƙasusuwan kwikwiyo ba sa gama ƙwari sai ya kai wata 12 zuwa 18, gwargwadon girman jinsinsa, kuma hawa da gangara na sa'o'i a kan tudu suna iya lahanta gaɓoɓinsa ko da kuwa shi bai nuna gajiya ba. Tsohon kare mai ciwon gwiwa, da mai ƙiba, da masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug, ba su dace da wannan hanya ba ko kaɗan, domin numfashinsu ba ya isar su a hawan tudu.

Idan lafiyayye ne kuma ya girma, to a gina ƙarfinsa a hankali, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da ya saba da kilomita 3 a kan kwalta kada a ɗora masa 22 a rana ɗaya. A riƙa ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan kowane mako na tsawon wata ɗaya ko biyu, a kan ciyawa da tudu, har dagin ƙafarsa ya yi tauri.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne amsa kira. Ka nemi doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10, ka ɗaura ta a jikin ɗamarar ƙirji, ba a abin wuya ba, domin idan ya zabura da gudu igiyar ta ƙare, fizgar za ta iya ji masa ciwo a wuya. Ka kai shi fili, ka bar shi ya yi nisa, ka kira sunansa sau ɗaya da murya mai daɗi, idan ya zo ka ba shi ɗan nama ko cuku nan take, sannan ka sake shi ya koma wasansa. Wannan sakin na biyu yana da amfani ƙwarai, saboda karen da duk kiran da aka yi masa ƙarshen wasa ne zai koyi yin kunnen uwar shegu. Kada kuma ka taɓa dukansa ko yi masa tsawa bayan ya zo, ko da ya ɓata maka lokaci. Sai ka ga yana juyowa da kira ɗaya alhali ga wani kare ko zomo a gabansa, sannan ya cancanci a sake shi a waje. Idan bai kai wannan matsayi ba, doguwar igiyar ta wadatar, kuma babu abin kunya a ciki.

Mataki na biyu: abin da doka ta ce

Tun daga watan Afrilu na 2016 wajibi ne a Ingila a dasa wa kowane kare ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma bayanan mai shi su kasance na yanzu. Wata dokar ta 1992 ta wajabta masa abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa a duk inda jama'a suke, kuma hikima ce a ƙara lambar waya. A filayen da wata doka ta shekarar 2000 ta buɗe wa jama'a, dole kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa, sannan kuma a kowane lokaci na shekara idan akwai dabbobin kiwo a kusa. Garuruwan bakin teku da yawa suna hana karnuka shiga wani yanki na gaɓarsu daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kuma allunan da ke wurin su ne abin bi.

Mataki na uku: raba hanyar kashi-kashi

Ka zauna da taswira ka raba tafiyar gida huɗu, ka san halin kowanne.

Daga Seaford hanya tana hawa tudun Seaford Head, ta bi bakin dutse, ta gangara zuwa Cuckmere Haven, inda kogin Cuckmere yake shiga teku. A nan ne baƙi suke yin kuskure, domin suna hango ci gaban hanyar a ɗaya tsallaken, sai su yi sha'awar ratsa bakin kogin. Kada ka yi hakan da kare. Ruwan yana da ƙarfin ja, zurfinsa kuma yana canzawa da cikowar teku. Ka bi gefen kogin zuwa cikin ƙasa har gadar Exceat, ka haye, ka dawo ta ɗaya gefen. Zagayen zai ƙara maka 'yan kilomita, amma hanya ce shimfiɗaɗɗiya wadda karen zai huta a kanta.

Kashi na biyu shi ne tuddan bakwai ɗin kansu, wato Seven Sisters, daga Haven Brow, wanda ya fi su duka tsawo, mai kimanin mita 77, har zuwa wurin da ake kira Birling Gap. Hawa ne da gangara babu ƙaƙƙautawa na wajen kilomita 6 daga Exceat, babu inuwa, babu famfo, babu shago. Kashi na uku yana tashi daga Birling Gap ya wuce tsohuwar hasumiyar fitila ta Belle Tout ya hau Beachy Head, dutsen alli mafi tsawo a gaɓar Birtaniya, mai mita 162. Na huɗu gangara ce zuwa Eastbourne.

A ganina, wanda zai fara kada ya ɗauki hanyar duka. Ya fara daga Exceat, ya bi tuddan zuwa Birling Gap, ya juya cikin ƙasa zuwa ƙauyen East Dean, inda bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne take tsayawa. Wanda kuma yake son karensa ya yi gudu sosai, to ya haɗa da dajin Friston, wanda yake bayan Exceat daga arewa. Daji ne mai manyan itatuwa da faffaɗan hanyoyi, nesa da bakin dutse, kuma shi ne wurin da ya fi dacewa a saki kare mai amsa kira, muddin ana lura da masu keke da masu dawaki. Dabarar da ta fi aiki ita ce a fara da dajin, a bar shi ya sauke zafin gudunsa na awa guda, sannan a ɗaure shi a hau tuddan. Karen da ya riga ya yi gudu ba ya jan igiya kamar wanda ya fito daga mota yanzu.

Mataki na huɗu: zaɓin rana da haɗa kaya

Ka duba hasashen yanayi, musamman ƙarfin iska da hazo. Iska mai ƙarfi a kan tuddan tana iya ture babban mutum, hazo kuma yana ɓoye bakin dutsen har sai an zo dab da shi. Idan zafi zai haura digiri 20, ka fita da sassafe ko ka ɗage tafiyar. Wanda ya taso a Sakkwato ko Maiduguri zai ga digiri 22 ba komai ba ne, amma kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, ga gashi a jikinsa, ga gudu yana yi, kuma mafi yawan karnukan da zafi yake kayarwa a Birtaniya a wajen motsa jiki abin yake samun su. Ka duba kuma jadawalin cikowar teku idan kana da niyyar sauka gaɓa. Teku yana cika sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa kimanin awa 12 da minti 25, kuma a ƙarƙashin Seven Sisters ruwa yana zuwa har gindin dutsen, ba ya barin wurin tsayawa.

Kada ka cika masa ciki dab da fita. Ka ba shi abinci awa 2 kafin tafiya, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna iya samun murɗewar tumbi idan suka yi gudu da cikakken ciki, kuma wannan ciwo ne mai kisa cikin sa'o'i.

A jakarka ka sa gajeriyar igiya mai ƙarfi da doguwar nan ta horo, da ruwan sha aƙalla lita 1 na karen shi kaɗai ban da naka, da ƙaramin kwano mai naɗewa, da ledojin kwashe kashi fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, da guntayen nama, da tawul, da bandeji, da ɗan ƙugiyar cire kaska da ake sayarwa a shagunan dabbobi. Igiyar nan mai miƙewa da kanta ka bar ta a gida, domin kafin ka danna makullinta kare ya yi mita 5, kuma a bakin dutse mita 5 ita ce tazarar da ke tsakanin rai da mutuwa. Ka adana lambar likitan dabbobi na Seaford ko Eastbourne a wayarka. Idan lokacin sanyi ne, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, saboda haka Azahar da La'asar duk a hanya za su same ka. Ka ɗauki dardumarka, ka ɗaure karen a jikin turken shinge nesa da baki kafin ka tayar da salla. Game da yawunsa, malaman Malikiyya ba su ɗauke shi najasa ba, wasu mazhabobin sun ɗauka, kuma wanda yake bin ra'ayi na biyu sai ya riƙe riga ta daban a jaka.

Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Victoria ta Landan, a canza jirgi a garin Lewes zuwa Seaford, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi. Kowane fasinja yana iya shiga da kare har biyu kyauta, a igiya, a ƙasa ba a kan kujera ba.

Mataki na biyar: a kan dutse

A nan igiya ba ta da hutu. Ciyawar tuddan gajeriya ce, lallausa, tana tafiya sumul har bakin, sannan ƙasa ta ƙare kawai. Kare yana ganin duniya daga tsawon gwiwar mutum, ba ya hango cewa babu komai a gaba, kuma idan zomo ya tashi ko tsuntsun teku ya yi ƙasa-ƙasa, zai bi shi da dukkan ƙarfinsa. Karnukan da suke faɗawa daga irin waɗannan duwatsu galibi masu lafiya ne, masu ƙarfi, waɗanda masu su suka amince da su.

Allin kansa ba abin amincewa ba ne. Teku yana cin gindinsa, ruwan sama da ƙanƙara suna tsattsaga samansa, sai wani yanki ya rufta ba tare da wata alama ba. A 1999 sai da aka ɗaga hasumiyar Belle Tout ɗungurungum aka ja ta baya da mita 17 saboda bakin ya matso ta, kuma a Birling Gap an rushe wasu daga cikin tsofaffin gidajen masu gadin teku ɗaya bayan ɗaya saboda wannan dalili. Ka yi tafiyarka aƙalla mita 5 daga baki, ka sa karen ta ɓangaren tudu, kai kana tsakaninsa da teku. Kada ka jefa masa ƙwallo ko sanda a ko'ina a wannan kashi.

Idan ƙaddara ta sa ya faɗa, ko ya maƙale a wani tsagi, ko ruwa ya ja shi, kada ka bi shi. Ka kira 999 ka nemi masu gadin teku, suna amsa kiran da ya shafi dabba, kuma sun fi son a kira su a kan kare da a kira su a kan gawar mai kare. Sau da yawa karen yakan fito da kansa, mai shi ne yake rasa ransa.

Karen da ke igiya ba lallai ne ya ƙosa ba. Ka bar shi ya tsaya ya shinshina duk inda ya ga dama, domin aikin hanci yana gajiyar da kare fiye da yadda mutane suke zato. A wurin hutu ka watsa 'yan guntayen nama cikin ciyawa ka ce ya nema. Ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20 zuwa 30, kada ka jira sai ya galabaita ya kwankwaɗi kwano guda.

Mataki na shida: tumaki da shanu

Tuddan nan makiyaya ce, kuma kiwon ne ma ya sa ciyawarsu take gajeriya. Da ka hango tumaki, ko ka ga kashinsu sabo, ka rage igiyar. Wata doka ta shekarar 1953 ta mai da korar dabbobin kiwo laifi, ko da karen bai ciji ko ɗaya ba, domin tunkiya mai ciki tana iya ɓari saboda firgita kawai, kuma a wasu yanayi doka tana kare manomin da ya harbe karen da ya samu yana bin garkensa. Kowa a cikinmu ya san darajar dabba a wurin mai ita, don haka wannan ba abu ne da sai an yi mana dogon bayani ba. Kowace ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta.

Sha'anin shanu daban ne, kuma a nan ne ƙa'idar take juyawa. Saniya mai ɗan maraƙi tana ɗaukar kare a matsayin maƙiyi. Ka zagaye garken da nisa, cikin natsuwa, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. Idan suka taso muku, ka saki igiyar nan take. Karen ya fi su gudu, zai tsira, kai kuma ka nufi shinge mafi kusa da tafiya mai sauri, ka kira shi bayan ka fita. Mutanen da shanu suke tattakewa a Birtaniya da yawansu suna riƙe da igiya ne ko suna ƙoƙarin ɗaukar karensu.

Kashin karen kuma ka kwashe shi ko a tsakiyar daji ne, ka riƙe ledar har ka sami kwandon shara. Yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari, da ƙwan tsutsar da ke kama tumaki.

Mataki na bakwai: a bakin ruwa

Gaɓar Cuckmere Haven da ta Birling Gap tsakuwa ce, sai teku ya janye ake ganin duwatsu da 'yan kududdufai. A Birling Gap da matakala ake sauka. Ka sauka lokacin da ruwa yake janyewa, ka nisanci gindin dutsen saboda abin da ke faɗowa daga sama, kuma kada ka yi nisa da matakalar. Ka shayar da shi ruwan daɗi kafin ka sake shi, domin kare mai ƙishi zai sha na gishiri, abin da ke jawo amai da gudawa, idan ya yi yawa kuma har da farfaɗiya. Ka hana shi cin mataccen kifi, da wani farin dunƙule mai kama da kakin zuma da teku yake turowa wani lokaci, wanda daskararren mai ne daga jiragen ruwa. A cikin ƙasa kuma, duk tafkin da ka ga ruwansa ya yi kore kamar an zuba fenti a lokacin zafi, kada ya sha, kada ya shiga, saboda gansakukar tana da dafi.

Alamomi biyu da ba a jinkiri a kansu

Idan hakinsa ya tsananta, harshe ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu yana dalala, yana tangaɗi ko ya ƙi tashi, zafi ne ya kama shi. Ka tsaya, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwan sanyi a jiki tun a wurin, sannan ka nufi likita. Sanyayawa ake fara yi kafin ɗauka, kuma kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin yana riƙe zafin.

Na biyu sarar maciji ce. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, gajere mai zane baƙi a gadon baya kamar haƙoran zarto, yana fitowa shan hantsi a gefen ƙayoyi daga bazara zuwa kaka. Yawanci a hanci ko ƙafa yake saran kare, wurin ya kumbura da sauri. Ka ɗauki karen idan za ka iya don kada tafiya ta yaɗa dafin, kada ka ɗaure wurin, kada ka tsaga, ka kira likita kana hanya. Mafi yawan karnuka suna warkewa idan an kai su da wuri.

Mataki na ƙarshe: bayan an dawo

Ka wanke masa ƙafafu da ciki da ruwan daɗi don cire gishiri da alli, ka goge shi, ka bar shi ya huce na wajen awa guda kafin ka ba shi abinci. Sannan ka zaunar da shi a wuri mai haske ka bi jikinsa da yatsu. Ka buɗe tsakanin yatsun kowane dagi, ka leƙa cikin kunnuwa da hammata da ƙarƙashin abin wuya. A watannin zafi akwai 'ya'yan wata ciyawa masu tsini da suke maƙalewa a gashi kamar ƙarangiya, sai dai su ba sa tsayawa a waje, suna huda fata su yi ta shiga ciki, kuma Spaniel mai gashin kunne da na ƙafa shi ya fi fama da su. Idan ka sami kaska, ka zura ƙugiyar a ƙarƙashinta dab da fata, ka murɗa a hankali har ta saki, kada ka matse cikinta, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai, domin kaskar Ingila tana iya ɗaukar cutar Lyme, wadda take kama kare da mutum. Kai ma ka duba ƙafafunka da ƙugunka.

Washegari ka bar shi ya huta da gajeren zagaye kawai. Idan ka ga yana ɗingishi, ko yana lasar ƙafa ɗaya ba ya dainawa, ko yana kaɗa kai yana karkatar da kunne, ko gudawa ta wuce yini guda, ka kai shi wurin likita a ranar. Idan kuwa ya tashi garau ya ci abincinsa, to a fita ta gaba kana iya ƙara masa kashin Birling Gap zuwa Beachy Head.